Warin Takalmin Da Ya Rage

Da yardar Allah na iso shekarar da mahaifiyarku ta rasu, kuma na daɗe ina kewaye ta. Na rubuta aikina na duba-gari, na rubuta ginin gidan nan, na rubuta tafiyarmu Makka, duk don in jinkirta zuwa nan. Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa mini a ido: wai ni na fitar da ita daga asibiti a Azare alhali da sauran magani, na kai ta Dambam, ta cika bayan kwana tara. Babbanku, wanda ba na ambatar sunansa, shi ya fi riƙe wannan magana, don a lokacin yana aiki a Bauchi kuma ya riga ya shirya motar da za ta kai ta Kano. Ba na musu, ni na fitar da ita. Amma kowane abu da mafarinsa, kuma mafarin wannan ba a asibiti yake ba. A falon gidan nan yake, a gaban talabijin, wata shida kafin nan. Saboda haka ku yi haƙuri ku bi ni daki-daki.

Kun san dokar gidana game da kallo. Talabijin da injin faifai suna cikin kabad mai ƙofa biyu, an lulluɓe kabad ɗin da farin ƙyalle, mukulli kuma yana aljihuna. Ba a buɗewa sai bayan la'asar, a rufe kafin kiran magariba, kuma duk faifan da ya shigo gidan, sai ina zaune za a saka shi karon farko. Shekara talatin na yi ina tsoma ludayi a randunan mutane ina neman tsutsar sauro, ban ga dalilin da zai sa in bar abin da zai shiga idon 'ya'yana ya wuce ban duba ba. Mahaifiyarku takan ce na yi ritaya daga gari na zo na buɗe ofis a gida. Ba ta yi ƙarya ba.

A bazarar wannan shekara Nasiru, wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako, ya sayo wani faifai a wurin masu baza su a bakin tasha. Ya ga hoton 'yan tsana a jikin kwalin, ya ɗauka katun ne na ban dariya. Sunan da Turanci yake, ban riƙe ba, ba kuma na son riƙewa. Mu biyar muka zauna: ni a kujerata, mahaifiyarku a gefe tana tsinkar zogale a faranti, Nasiru da Hafsatu a ƙasa, sai Inna, mahaifiyata, a kan tabarmarta, don har ta bar duniya ba ta yarda da kujera ba. Hafsatu ta saki labule saboda hasken rana, aka saka faifan.

Ba katun ba ne irin wanda muka sani. 'Yan tsana ne na gaske, waɗanda aka yi da hannu, har kana ganin zaren rigunansu, kuma suna motsi wani iri, kamar mai tafiya yana tunanin kowane taku. Komai na ciki baƙi ne da toka-toka. Wani dogon gida karkatacce a gefen maƙabarta, hankaki a kan rufinsa, kyandir guda a taga. A ciki akwai wani baduku siriri mai manyan idanu. Turancin ya fi ƙarfinmu, Nasiru yana kamo kaɗan yana fassarawa, amma labarin ba ya bukatar tafinta. Badukun yana da yarinyar da zai aura, ya yi alkawarin ɗinka mata takalmin biki, ta mutu kafin ya gama. To kullum in rana ta yi ƙasa sai ta fito daga maƙabarta, farar riga, ƙafa ba takalmi, ta tako tsakuwa da ƙaya ta zo ta zauna a bencinsa. Akwai tafiya mai nisa a gabanta, ba ta kuma iya yin ta sai da takalmi. Ya gama wari ɗaya ya saka mata. Da ya gane cewa ranar da ya gama na biyun ranar za ta tafi ba dawowa, sai ya shiga kawo dalilai. Yau zare ya tsinke. Gobe basilla ta ɓata. Jibi fatar ba ta yi laushi ba, sai an sake gwada ƙafa. Ita kuwa sai ta dube shi, ta tashi ta koma tana ɗingishi, wari ɗaya a ƙafa.

An zo wurin da ya zauna shi kaɗai, warin na biyu a cinyarsa, saura ɗinki kaɗan, ya ɗaga basilla, sai aka ɗauke wuta.

Hafsatu ta yi ƙara kamar an taka ta. Muka jira har aka kira magariba, wuta ba ta dawo ba, na rufe kabad. Ashe wani abu ne ya ƙone a layinmu, kwana uku cur ba mu ga wuta ba, ni kuma ban taɓa yarda a sayi janareta a gidan nan ba saboda hayaƙi. Kwana ukun nan babu zancen da ake yi a tsakar gida sai na baduku. Da na ga surutun ya yi yawa, kowa yana katse kowa, sai a rana ta biyu bayan la'asar na tara su a gindin darbejiya na ce za a yi magana ɗaya bayan ɗaya, kuma a fara daga babba.

Inna ta gyara zama ta ce, "Ni dai abin da na gani, yunwa ce ke damun mutumin nan, ba so ba. Ku dubi ƙafafunsa kamar tsinken tsire. Tun da aka fara ban ga an ɗora tukunya a gidan ba."

Nasiru ya ce, "Inna, 'yar tsana ce fa. Me za ta ci?"

"Kai rufe mini baki, mijin banza, kai ma ai haka kake, ko kazar miya ba ka taɓa kawo mini ba. Sannan mutanen can ba su iya binne mutum ba. Da an yi wa yarinyar nan wanka da sutura da salla yadda ya kamata, an kuma yi mata sadaka, me zai fito da ita tana yawo a gari kamar akuyar da ba ta da turke?"

Da aka zo kan Nasiru, shi ba labarin ne ya dame shi ba, yadda aka yi abin ne. Ya ce wani abokinsa ya gaya masa ba zane ba ne, ba kuma inji ke motsa su ba. Mutum ne zai matsa hannun 'yar tsanar ɗan kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero, ya ɗauki hoto, ya sake matsawa ya sake ɗauka, har sai an jera hotunan sun zama motsi. Ya ce ɗaga basillar nan kaɗai yana iya cin wuni guda.

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Kana nufin akwai ƙato da gemunsa wanda ya zauna wata da watanni yana wasan 'yar tsana? Allah ya ba matarsa haƙuri."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don a raina maganar Nasiru ta kama ni. Duk wanda zai iya matsa abu faɗin ƙwayar gero sau dubu bai tsallake ko ɗaya ba, mutum ne mai tsari, kuma ina girmama mai tsari ko a ina yake. Amma ban faɗa ba.

Hafsatu tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a lokacin, idonta har ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi kar ya gama. In ya gama ba ya sonta. In ni ce shi, sai in jefa basillar a rijiya. Ai tana zuwa kullum, suna ganin juna, me ya fi wannan?"

Na lura an tsallake mahaifiyarku, don ita ta ce a bar ta sai ƙarshe. Tana zaune a kan turmi da aka kwantar, tana sauraro. Da Hafsatu ta gama sai ta ce, a hankali yadda ta saba:

"Ke fuskarsa kika kalla, ni ƙafarta na kalla. Kullum sai ta tako ƙayar nan ta zo, ta tako ta koma. Shi yana samun abin da yake so, ita fa? Ba don shi kaɗai take zuwa ba, takalminta take jira. Zai gama. In dai yana sonta zai gama."

"Umma, to ai shi ke nan ya rasa ta."

"Da ma ya riga ya rasa ta, 'yar nan. Riƙe ta kawai yake yi a bakin ƙofa." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kowa ya faɗi nasa. Kai fa?"

Na ce ni ra'ayina shi ne, da a unguwar da nake dubawa gidan nan yake, da tuni na manna masa takardar gargaɗi. Yanar gizo-gizo tun daga rufi har ƙasa, ɓeraye suna yawo a kan teburin aiki, ga ruwa kwance a bakin ƙofa. Tsakar gida ta kaure da dariya, Inna har da tari, alhali ni da gaske nake yi. Mahaifiyarku ta yi dariya ta ɗaga fuska sama, sannan ta ce:

"Ba gidan na tambaye ka ba."

A wannan ɗaga fuskar ne hasken yamma ya faɗa cikin idonta, na ga farin idon ya yi ruwan ɗorawa. Na sauke kaina na dubi ƙafarta. Ta take bayan takalminta, dunduniya a waje, ƙafar ta cika ta yi sheƙi. Ni ba likita ba ne, amma na yi shekaru ina shiga gidaje tare da ma'aikatan lafiya, na ga wannan ido da wannan ƙafa a jikin mutane da yawa, na kuma san inda yawancinsu suka ƙare. Na tashi na yi alwala tun lokaci bai yi ba.

A rana ta huɗu aka yi suna a maƙwabta, gidan ya watse tun da safe, har Inna aka riƙe mata hannu aka tafi da ita. Da hantsi ina zaune ni kaɗai sai fanka ta fara juyawa. Abin da na yi daga nan ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Na karya dokata da hannuna. Na buɗe kabad da hantsi, na kunna faifan, na nemo wurin da aka tsaya, na kalla har ƙarshe. Abin da na gani zan faɗe shi a wurinsa. Da ya ƙare na fitar da faifan, na karya shi biyu, na jefa a masai, kwalin kuma na cusa a murhu.

Da suka dawo, Hafsatu ta ga fanka tana juyawa ta yi tsalle. Na tsayar da su na ce babu sauran faifai, na kuma ba da dalilai uku. Na farko, matacce ba ya dawowa, kuma ba zan bar abin da ke koya wa yara akasin haka a gidana ba. Na biyu, kwana uku ke nan ba a maganar komai sai ta 'yar tsana. Na uku, namiji da mace suna zama su kaɗai a ɗaki ba aure. Dalilan nan ba ƙarya ba ne, har yau ina nan a kan na farkon. Amma ba su suka sa na karya shi ba. Na karya shi ne don ba zan iya zama a falon nan kusa da mahaifiyarku, da wannan idon nata, mu kalli ƙarshen nan tare ba.

Hafsatu ta shige ɗaki tana kuka. Inna ta ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake, in ana daɗi sai ka kawo tsintsiya." Mahaifiyarku ta tsaya tana cire mayafi, ta dubi kabad, ta dube ni.

"Ka ga ƙarshen?"

"Ban gani ba."

Ta ce, "To."

Shekara talatin da ɗaya muna tare, wannan ce ƙaryar farko da na yi mata. Nasiru ya koma bakin tasha neman wani, mai faifan ya ce guda ɗaya ne ya zo a cikin kaya, bai ma tuna shi ba.

Washegari na kai ta asibiti, aka ce hanta ce. Muka yi damina muna zuwa muna dawowa da magunguna, har ciki ya fara kumbura, aka kwantar da ita. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. A mako na biyu babban likitan ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce tunda na yi aikin lafiya ba zai ɓoye mini ba: ciwon ya wuce inda hannu ke kaiwa, abin da ya rage shi ne ƙarin ruwa da allurar rage zafi, kuma ko ina aka kai ta abin da za a yi ke nan. Na yi masa godiya. Na fito ban gaya wa kowa ba, har ku. A ganina uba ba ya ɗora wa 'ya'ya irin wannan kaya. Yanzu na san wannan kuskure ne, kuma daga shi ne rabin abin da ke tsakanina da babbanku ya fito.

Ita ba ta bukaci a gaya mata ba. Tun a makon nan ta fara cewa in kai ta gida, wato Dambam. Kun san Goggonku Gambo, yayarta, amma ƙila ba ku san cewa sun yi shekara shida ba su zauna a tabarma ɗaya ba, saboda wata magana mai zafi da mahaifiyarku ta faɗa mata ranar rasuwar mahaifinsu. Goggo Gambo ta makance a lokacin, ba ta fita ko ƙofar gida. Kuma ko da tana gani, ƙarama ce ke zuwa wurin babba neman yafiya, ba a aika saƙo, ba a yi ta waya. Mahaifiyarku tana son ta je da ƙafarta, da bakinta, tun tana iya magana.

Na ce to, bari wannan ruwan da aka ɗaura ya ƙare. Da ya ƙare na ce bari sakamakon gwajin jini ya fito. Da ya fito na ce hanya ta yi laka, a bari ruwa ya ɗauke. Sannan na ce bayan Juma'a. Kullum da safe ina zuwa da kunu a filas, in zauna a benci kusa da gadonta, in buɗe ɗan littafin da nake rubuta lokutan magani, in yi ta dubawa kamar akwai wani sabon abu a ciki. Muddin tana kan gadon nan, akwai abin yi na gaba, akwai ƙarfe takwas da ƙarfe biyu, kuma gobe da safe zan zo in same ta. Mako uku na yi a haka. Muryarta tana ta raguwa ina ji.

Wata safiya bayan likitoci sun gama zagaye, Hafsatu ta fita wanke kwanuka, ta ce in matso. Na matso da bencin.

"Malam, yau kuma mene ne? Zare ne ya tsinke, ko basilla ce ta ɓata?"

Na yi kamar ban gane ba, na ce allurar ƙarfe biyu ce ta rage.

"Ƙafata ta gaji, Malam." Ta mai da numfashi. "Kuma na san ka ga ƙarshen. Ran da muka dawo daga suna, ƙyallen talabijin a karkace yake. Kai da ko hula ba ka ajiyewa a karkace. Na bar ka ne kawai. To yanzu gaya mini, kada in tafi da tambaya."

Na rufe littafin. Na gaya mata, daki-daki, yadda na gani. Badukun ya daɗe da basilla a sama, sannan ya soka. Ya gama ɗinkin, ya yanke zare da haƙori, ya goge takalmin da hannun rigarsa. Da ta zo ya durƙusa ya ɗauki ƙafar, ya cire ƙayoyin da ke tafinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saka mata. Ta miƙe tsaye sosai, karon farko ba ɗingishi. Ya raka ta har ƙofar maƙabarta, ya tsaya a nan don ba shi da ikon wucewa. Ta waiwayo sau ɗaya, ta tafi. Shi kuma ya koma gida, gari ya waye, ya buɗe tagogi duka.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Sai ya ɗauki tsintsiya ya fara share yanar gizo-gizon."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki saboda zafi. Ta ce, "To ka ga, har kai ma an biya maka bukata." Sannan ta ce, "Ka gaya wa Hafsatu ni na ci."

Ban gaya wa Hafsatu ba, don faɗin haka yana nufin in ce na yi ƙarya, kuma a lokacin ban iya ba. Amma a ranar na je wurin likita na sa hannu a takardar sallama, ya rubuta mana magungunan rage zafi, ya nuna mini yadda ake ba ta. Sai wata matsala ta taso wadda ban yi tunaninta ba. Babu takalminta ko ɗaya da ke shiga ƙafarta, har nawa ma bai shiga ba, ita kuma ta ce ba za a ɗauke ta kamar buhu a shigar da ita gidan ubanta ba. Na zare zare daga bakin zanen gado na gwada tsawon ƙafar da faɗinta da kaurinta, na ƙulla kowanne. Na tafi kasuwa layin dukawa, na sami wani tsoho na ba shi zaren, na ce fata mai laushi, maɗauri mai faɗi, kuma yau nake so. Ya ce in dawo jibi. Na ce a nan zan zauna. Na zauna a kan gwangwani tun azahar har la'asar sakaliya ina kallon hannunsa. Da ya gama wari ɗaya ya ajiye ya ce zai je ya sha shayi, na ce masa ya yi wa Allah ya gama na biyun tukuna. Ya dube ni, bai san dalili ba, ya koma ya zauna.

Da yamma babbanku ya kira wayar Nasiru, aka miƙo mini.

"Baba, na gama magana da direba, jibi da safe za mu wuce Kano."

Na ce, "Ba Kano za mu ba. Gobe Dambam za mu."

"Dambam? Baba, wane asibiti ne a Dambam da ya fi na Azare?"

"Na riga na yanke."

Ya ce, "Shi ke nan, Baba," ya kashe. Da na ƙara jimla biyu a wannan wayar, da ƙila shekarun nan ba su zama yadda suka zama ba. Ban saba yi wa ɗa bayani ba, kuma ban koya ba sai da lokaci ya wuce.

Muka tashi da safe a motar haya, ita a baya kanta a kafaɗar Hafsatu. Gero ya nuna a gonaki hagu da dama, ta ce a sauke gilashi tana son ƙanshin. A ƙofar gidansu na durƙusa na saka mata takalmin, ta dafa ni ta miƙe. Daga mota, ta zaure, zuwa tsakar gida taku goma sha huɗu ne, na ƙirga. Goggo Gambo tana zaune a bakin ɗakinta, ta ji motsi ta ce wane ne.

"Yaya, ni ce. Na zo ki yafe mini."

Tsohuwar ta miƙo hannu tana lalube har ta kama fuskarta, ta shafa, ta ji yadda ta rame. Ta ce, "Ke Dije, sai yanzu? Ni da na yafe tun kafin a share makoki. Zauna, mara kunya, zauna kusa da ni." Na fita zaure na bar su.

Kwana taran nan, a ɗakin da aka haife ta ta yi su. Tsofaffin unguwa suka yi ta shigowa, kowa ta nemi yafiyarsa da sunansa, ta yafe wa kowa. Ta sha fura da nonon da ta ce babu irinsa a Azare, ko da cokali biyu ne. Dukanku kun zo kun same ta da hankalinta. Babbanku ya iso a rana ta bakwai, ya gaishe ni a tsaye, ya shige wurinta. Ta cika ranar Talata bayan azahar, kalmar shahada a bakinta, hannunta a cikin na yayarta. A can aka binne ta kusa da iyayenta.

Ba zan ce muku na tabbata ba. Ko Kano za ta ƙara mata wata ɗaya ko biyu, Allah kaɗai ya sani, kuma na sha juya wannan a raina. Abin da na sani shi ne mako ukun da na riƙe ta a kan gadon asibiti, don kaina na riƙe ta, kwana taran Dambam kuwa nata ne. In akwai abin da zan nemi gafara a kansa, mako ukun ne, da shirun da na yi muku. Kai babbansu, tun daga ranar kana zuwa gidan nan kana gaishe ni, ba ka taɓa rage mini komai ba, amma ba ka taɓa zama har shayi ya huce ba. Ban ce ka daina ganin laifina ba. Na dai ba ka abin yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe, wanda ya kamata in ba ka a waya tun ranar.

Takalmin yana ƙasan akwatina na ƙarfe, a naɗe cikin farin ƙyallen talabijin. Taku goma sha huɗu kawai aka yi da shi, ƙasar Dambam tana nan a tafinsa, ban goge ba, kuma kada wanda ya goge bayan raina.

Saura saƙo ɗaya da aka ba ni ban isar ba. Hafsatu, badukun ya gama ɗinkin. Ummanku ta ce in gaya miki ita ta ci.